Kwamfuta za mu saya ko ɗakin gwaje-gwaje za mu gina? Amsa ga masu son tallafa wa kimiyya a makaranta

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, ka ce ku ƙungiyar tsofaffin ɗalibai kun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa kuna so ku taimaka wa makarantarku ta ɓangaren kimiyya da lissafi da fasaha, abin nan da ake cewa STEM yanzu, amma kun rabu gida biyu, wasu sun ce a sayi kwamfutoci wasu sun ce a'a ɗakin gwaje-gwaje za a gina, shine kake neman wanda ya san harkar ya raba muku gardama. Allah ya saka muku da alheri tukunna, domin ba kowa ne yake waiwayar makarantar da ta raine shi ba.

Ni malamin fiziks ne, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli a sakandare, daga baya kuma na koma horar da malamai, to abin da zan faɗa maka abu ne da na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kar ku fara da ko ɗaya daga cikin biyun. Ku fara da malaman da suke koyar da kimiyyar, sannan da ƙananan kayan da yaro zai riƙe da hannunsa ya auna abu da kansa. Gini da kwamfuta su biyo baya in kuɗi ya ragu. Na san wannan amsar ba za ta yi wa wasu daɗi ba a taronku saboda gini ana ganinsa, ana yanka ƙyalle, ana ɗaukar hoto, horar da malami kuwa babu abin nunawa a ranar, amma bari in yi maka bayanin dalili.

Akwai wata makaranta da na taɓa zuwa duba aikin malamai, aka kai ni ɗakin gwaje-gwajensu, sai da aka ɗauki kusan rabin awa ana neman makulli. Da aka buɗe wallahi kaya ne masu kyau, maikuroskof har goma sha biyu suna cikin ledarsu ba a taɓa ɓarewa ba, kwalaben sinadarai jere amma duk wa'adinsu ya wuce, ƙura ta rufe tebura. Na tambayi malamar bayoloji me yasa ba ta kawo yara nan, ta ce min gaskiya Malam ita kanta lokacin tana ɗaliba ba ta taɓa leƙa maikuroskof ba, a littafi ta gan shi ta zana shi ta ci jarabawa, kuma an faɗa musu duk wanda ya fasa wani abu a albashinsa za a cire. To kaga matsalar ba ta kaya ba ce. Baiwar Allah nan ba malalaciya ba ce, tsoro ne da rashin wanda zai zauna da ita awa biyu kacal ya nuna mata yadda ake saita madubin. Mun zauna ranar, ta ɓare siririyar fatar albasa ta ɗora ta leƙa, ta ga ɗakunan ƙwayoyin halitta jere kamar bulo, ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Abin da nake so ku saya kenan da kuɗinku, wannan awa biyun.

Maganar kwamfuta kuma an riga an gwada, ba sai mun yi hasashe ba. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 a ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, aka raba wa 'yan firamare musamman na karkara. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi diddigi a makarantu 319, sakamakon ya fito a 2012, bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfutar sosai, an ga ɗan ci gaba a wasu gwaje-gwajen kaifin tunani, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Dalili a fili yake, na'ura aka kawo aka ajiye, yadda ake koyarwa a aji kuwa yana nan yadda yake. Ba wai ina ƙin kwamfuta bane, ina amfani da ita kullum kuma zan dawo kanta, amma kwamfuta tana ƙara wa malamin da ya san abin da yake yi ƙarfi ne, wanda bai sani ba sai dai ta zame masa kaya, ga matsalar wuta ga gyara ga ɓarayi ga batir da yake mutuwa bayan 'yan shekaru.

Yanzu bari in nuna maka abin da nake nufi da darasin kimiyya na gaskiya, zan ɗan tsaya a nan domin shine zuciyar maganar. Ka samo zare, da nati ko ƙaramin dutse, da rula, da agogon waya. Shikenan kayan. A ɗaure natin a zare a rataye shi a ƙusa, a ja shi gefe kaɗan a saki yana lilo. Kafin a auna komai malami ya tambayi aji: in na sa nati mai nauyi ninki biyu, lilon zai ƙara sauri ne ko zai rage ko yana nan? Kowa ya rubuta amsarsa a takarda, kar a bari 'yan gaban aji su amsa wa kowa. Yawanci za ka ga kusan duk ajin sun ce mai nauyi zai fi sauri. Toh a raba su huɗu huɗu, kowane rukuni ya ƙirga zuwa da dawowa 20 ya duba lokaci. In tsawon zaren mita 1 ne za su samu wajen daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 kowane zuwa da dawowa. A canja natin a sa mai nauyi, daƙiƙa 40 ɗin dai. A nan ajin yake rikicewa, wani ya ce agogon ne ya lalace, wani ya ce ba ku ƙirga daidai ba a sake, kuma wannan rikicin shi nake nema, domin a lokacin ne yaro ya gane cewa abin da yake ji a ransa daban abin da duniya take yi daban, kuma awo ne alƙali, ba malami ba ba littafi ba. Sai a gajarta zaren zuwa santimita 25, lokacin ya dawo daƙiƙa 1. An raba tsawo gida huɗu amma lokaci gida biyu kawai ya rabu, me yasa? Ga lissafi ya shigo da ƙafarsa ba tare da an kira shi ba. 'Yan babban aji kuma daga wannan zaren za su fitar da ƙarfin da ƙasa take jan abubuwa da shi, su samu lamba kusa da 9.8, lambar da suka daɗe suna haddacewa ba su san daga ina ta fito ba. Wani rukuni zai samu 9.5 wani 10.1, sai a zauna a tattauna me ya kawo bambancin, hannun mai danna agogo ne ko awon zaren ne, me yasa muka ƙirga 20 ba mu ƙirga 1 ba. Minti arba'in kenan, kuma yaron da ya yi wannan ya taɓa kimiyya da hannunsa fiye da wanda ya kwafi not shafi talatin.

Ka lura babu gini a cikin wannan, babu wuta, babu intanet. Abin da ake buƙata malami ne da ya taɓa yi da kansa, wanda ba ya tsoron aji ya ɗan yi hayaniya, wanda kuma zai iya danne zuciyarsa ya ƙi faɗin amsar da wuri. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, mu malamai muna son mu faɗi amsa.

Kuma irin wannan ba ya ƙarewa. Kwali mai ɗan ƙaramin huji a ɗaki mai duhu zai nuna wa yara hoton waje a kife a jikin farar takarda, abin da Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, ya yi amfani da irinsa ya nuna haske a miƙe yake tafiya kuma daga abu yake zuwa cikin ido ba daga ido yake fita ba. Sanda a kafe a fili da tsakar rana, a auna inuwarta, a haɗa kai da wata makaranta da take nesa ta arewa ko ta kudu su ma su auna a rana ɗaya su turo ta waya, da wannan yara za su lissafa faɗin kewayen duniya kamar yadda wani masanin Girka mai suna Eratosthenes ya yi tsakanin Aswan da Iskandariya sama da shekara 2,200 da suka wuce, ya samu bambancin digiri 7.2 wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Lokacin hadari a ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ce, saboda sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa. Batir ɗaya da ƙaramin ƙwan fitila da waya guda ɗaya tak, a ce kunna min, za ka sha mamakin yawan waɗanda suka ci jarabawar lantarki da maki mai kyau amma su kasa, har da malamai, na gani a wajen bita sau da yawa kuma ba abin kunya ba ne, ba a taɓa ba su a hannu ba ne.

Akwai abu ɗaya da ya kamata duk mai son taimakon kimiyya ya fahimta, yaro ba ya zuwa aji da kai fanko. Yana zuwa da nasa bayanin na yadda duniya take aiki, kuma bayanin nan yana da saiwa. Tambayi ɗalibi me yasa ake zafi a wani lokaci ake sanyi a wani, zai ce maka duniya ce take matsowa kusa da rana, alhali a farkon watan Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a Yuli kuma take kaiwa miliyan 152, abin da yake kawo sauyin shine karkatar duniya da digiri 23 da ɗoriya. Tambaye shi katakon ƙatuwar bishiya daga ina ya fito, zai ce daga ƙasa. Tun a ƙarni na 17 wani masani Van Helmont ya shuka ƙaramin icce mai nauyin fam 5 a tukunya da busasshiyar ƙasa fam 200, ya yi shekara 5 ruwa kawai yake ba shi, iccen ya kai fam 169 ƙasar kuwa abin da ta rage bai wuce oza 2 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai, daga baya aka gano mafi yawan busasshen katakon daga iskar kabon da ganye yake shaƙa ne. Ɗalibi zai rubuta maka ma'anar fotosintesis, wato yadda ganye yake haɗa abincinsa da hasken rana, ba kuskure ko ɗaya, ya fita waje ya ci gaba da yarda cewa bishiya ƙasa take ci. Ilimi biyu ne a kansa, na jarabawa da na rayuwa, ba sa gaisawa.

Wannan ba matsalar makarantun marasa hali ba ce kaɗai. Eric Mazur malamin fiziks ne a jami'ar Harvard a Amurka, wajen 1990 ya ba ɗalibansa wasu tambayoyi masu sauƙin gani a kan ƙarfi da motsi, babu lissafi a ciki sai fahimta, ya tarar da yawa daga waɗanda suke warware lissafi mai wuya sun faɗi a nan. Sai ya canja salo, ya riƙa jefa tambaya ɗaya, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya ce juya ka shawo kan na kusa da kai, bayan 'yan mintoci a sake zaɓe, sai ka ga masu amsa daidai sun ƙaru saboda wanda ya gane abu yanzu yanzu ya fi farfesa sanin inda ɗan'uwansa ya maƙale. A 1998 wani malamin fiziks Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai sama da 6,000 daga kwasakwasai 62, azuzuwan da ake sa ɗalibi ya yi tunani ya yi gardama ya taɓa abu sun ninka na masu zama a saurara wajen ƙaruwar fahimta. A 2014 kuma wasu masu bincike suka haɗa nazari 225, suka tarar faɗuwa jarabawa wajen kashi 34 ne cikin ɗari a ajin lacca zalla, kashi 22 a ajin da ɗalibai suke aiki da kansu. Na 2014 ɗin a jami'o'i aka yi, amma abin da na gani a sakandare bai saɓa da shi ba. Kuma salon Mazur ba ya cin ko sisi, katin kwali huɗu masu A B C D a hannun kowane yaro sun isa, aji ko na mutum tamanin ne malami zai gane da kallo ɗaya su waye suka gane.

Har ma akwai wanda ya fi wannan araha. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin azuzuwan kimiyya a farkon shekarun 1970, ta gano malami in ya yi tambaya kusan daƙiƙa 1 kawai yake jira kafin ya amsa da kansa ko ya nuna wani. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku fa. Ni da kaina sai da na riƙa ƙirgawa a zuci kafin ya zame min jiki.

To yaya ake taimakon malami, tunda na ce da shi za a fara? Ba irin bitar nan ta kwana biyu a babban zaure ba, wadda za a kawo wani ya yi ta haska allo, a raba satifiket da alawus kowa ya watse ranar Litinin a koma gidan jiya. Na halarci irinta na kuma shirya irinta, amfaninta kaɗan ne. Abin da yake aiki shine wanda ake yi a cikin makarantar, da kayan makarantar, a kan darasin da malamin zai koyar mako mai zuwa, kuma a maimaita. A Japan sun daɗe da wata al'ada ta aiki, malamai uku ko huɗu su zauna su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su zauna a bayan aji suna kallon yaran, ba malamin suke wa maki ba, yaran suke kallo, ina suka rikice me suka rubuta me suka ce wa juna, bayan an tashi a zauna a gyara darasin wani ya sake koyar da shi a wani aji. Kenya ta ɗauki irin wannan tunanin a 1998 da taimakon hukumar JICA ta Japan a shirin ƙarfafa lissafi da kimiyya a sakandare, daga baya ƙasashen Afirka da dama suka bi sahu. Ku abin da za ku yi mai sauƙi ne, ku nemo gogaggen malami ɗaya ko biyu, ko da wanda ya yi ritaya ne ko na kwalejin ilimi mafi kusa, ku ɗauki nauyin zuwansa sau biyu a wata har tsawon shekara, ku roƙi shugaban makaranta ya ware wa malaman kimiyya awa biyu a jadawali ba a lokacin hutunsu ba. Kuma don Allah ku girmama su, kar ku shigo musu kamar masu bincike. Ku fara da tambayarsu wane darasi ne ya fi ba ku wuya, me kuke nema ba ku samu ba. Malamin da aka tambayi ra'ayinsa daban yake da wanda aka sauke wa kaya a ƙofar ofis.

Sai kaya. Ƙa'idata ita ce gara abu mai araha guda goma sha biyar da mai tsada guda ɗaya, saboda guda ɗayan a hannun malami zai ƙare yara suna leƙe daga nesa. Rula da tef na awo, ƙaramin sikeli, ma'aunin zafi amma ba mai zaiba a ciki ba domin in ya fashe guba ne, maganaɗisu, gilashin ƙara girman abu, madubai, batura da wayoyi da ƙananan ƙwayayen fitila, mitar auna lantarki, sirinji marasa allura, takardar giraf, tabaran kare ido. A zuba a akwatunan roba, kowane akwati na rukuni ɗaya, a ɗauka a kai aji a dawo da shi, kaga kun samu ɗakin gwaji mai tafiya. Akwai ma maikuroskof na takarda mai suna Foldscope da Manu Prakash da abokin aikinsa suka ƙirƙira a jami'ar Stanford, yana ƙara girman abu sau 140, yaro zai iya sa shi a aljihu ya je ya ɗebo ruwan kududdufi ya leƙa. Sannan abin da kowa yake mantawa, ku ware kaso na kuɗin, ni zan ce kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ku ajiye don abubuwan da suke ƙarewa da waɗanda za su fashe, a riƙa fitarwa kowane zango. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, na ga darasin lantarki ya tsaya shekara guda saboda batir. Kuma a rubuta a fili cewa abin da ya fashe a wajen koyo ba a cire wa malami ba a cire wa yaro, in ba haka ba akwatunan nan ma za su koma sito a kulle.

Tsaro kuwa ba wasa. Ba a gwajin yara da wutar soket, batir kawai. Asid a cikin ruwa ake zuba shi a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid. Ba a kallon rana da gilashi ko madubi kowane iri. Bokitin yashi da ruwan wanke ido su kasance a kusa duk ranar da za a kunna wuta.

Yanzu kwamfutar da na ce zan dawo kanta. In kuɗi ya ragu ku sayi kaɗan masu ƙarko, ko da uku ne ko biyar, da majigi ɗaya da ƙaramar sola, ku sa musu manhajojin da ba sa buƙatar intanet. PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ta fiziks ya kafa a 2002, kyauta ne kuma ana sauke shi a ajiye, yana nuna abubuwan da ido ba ya gani kamar yadda ƙwayoyin iska suke karo da bango in an ƙara zafi. GeoGebra na lissafi, Scratch na jami'ar MIT ta Amurka don yara su fara rubuta shirin kwamfuta, phyphox kuma daga wata jami'a a Aachen ta Jamus yana mayar da wayar malami na'urar awon sauti da motsi. Amma a fara taɓa na gaske kafin a kalli na allo, yaro ya haɗa batir da waya ya ji ɗumin wayar a yatsansa sannan a nuna masa hoton abin da yake gudana a ciki. Tushen ilimin kwamfutar ma ana fara shi ba kwamfuta, katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8, 16, yara biyar su riƙe a gaban aji suna juyawa, cikin rabin awa ajin ya gane yadda na'ura take ƙirga da sifili da ɗaya.

Abu biyu kuma da ba kuɗi suke ci ba amma ku sa baki a kansu. Na farko harshe. Yaro in bai gane harshen da ake koyarwa da shi ba, nauyi biyu yake ɗauka, ga kimiyyar ga harshen, sai ya zaɓi hadda domin ita ce mafita. A bar yara su yi gardamarsu ta rukuni da harshen da suke tunani da shi, malami ya yi bayanin abin da harshen gida har ya zauna, sannan a ɗora kalmar da jarabawa take so a kai. Aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk shekara shida na firamare ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su yi baya ba, gaba ma suka yi.

Na biyu 'yan mata, kuma wannan yana ci min rai. A 1983 wani masani David Chambers ya wallafa wani bincike da aka ce wa yara kusan 5,000 su zana masanin kimiyya, 28 ne kacal suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne suka zana. Rahoton UNESCO na 2017 ya nuna mata kashi 35 ne cikin ɗari na masu karanta waɗannan fannoni a manyan makarantun duniya. Ba ƙwaƙwalwa ba ce, na koyar da su na sani. Ka shiga aji lokacin gwaji ka duba da kyau, za ka ga namiji ya riƙe waya da batir yarinya an ba ta biro tana rubuta sakamako, kowane mako haka, shekara uku haka, sannan a ce ai mata ba sa son fiziks. Maganinsa malami ya riƙa juya aikin, yau ke ce mai haɗawa shi ne mai rubutu. Ku kuma a cikin ƙungiyarku tabbas akwai likita mace ko injiniya ko mai aikin lab a asibiti ko mai haɗa sola, ku riƙa turo su suna zama da yaran, ba jawabi a kan mumbari ba, su zo da kayan aikinsu su bari a taɓa. Makanike da mai walda da mai gyaran waya su ma ku gayyato su, rabin silabus ɗin fiziks yana cikin shagonsu.

Gasa da baje kolin kimiyya suna da kyau amma a yi hattara, sau da yawa yara biyar ne ake ɗauka a yi ta shirya su, wani lokacin ma malami ne ya ƙera abin yaran suka haddace bayani, a ciyo kofi sauran ɗari biyar ɗin ba su taɓa komai ba. In za ku yi, ku yi na cikin gida wanda kowane aji zai shiga, kuma makin ya fi yawa a kan tambayar da yaro ya yi da awon da ya ɗauka ba a kan ƙyalƙyalin abin da ya kawo ba.

Ka kuma tambaya ta yaya za ku san kuɗinku bai tafi a banza ba. Kar ku jira sakamakon jarabawar ƙarshe kaɗai, yana jinkiri kuma abubuwa da yawa suna shiga cikinsa. Ku sa malaman su zaɓi tambayoyin fahimta kamar goma, irin na nati mai nauyi da na bishiya da na batir da waya ɗaya, a ba yara a farkon shekara a sake ba su a ƙarshe, ba don a hukunta kowa ba. Sannan a ajiye littafi a wajen akwatunan, duk malamin da ya ɗauka ya rubuta rana da aji da gwajin da aka yi. Bayan zango biyu, mutum biyu daga cikinku su je ba tare da sanarwa ba su buɗe akwatunan. In kun tarar rulolin sun ƙoƙe, baturan sun ƙare, an fasa gilashi biyu, littafin ya cika har an ƙara takarda, to a lokacin ku koma taro ku kawo maganar gini, kuma ku sa malaman nan a cikin kwamitin da zai zana ɗakin, su za su faɗa muku inda famfo zai zauna da tsawon teburin da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya aiki a kai.